Yadda na shiga cikin masu kaɗa kilarsak a Edinbara

Gidanmu a Malumfashi ba gidan makaɗa ba ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da wannan magana take ɗauke da shi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne mai tsananin son waƙoƙin fada, yakan zauna a zaure bayan isha'i da rediyo a gefensa, har ya katse hira da ɗaga hannu domin kada wani baiti ya wuce shi; amma da a ce ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya ɗauko gurmi ko kalangu da sunan koyo, da ranar babu mai kwana lafiya a gidan. A ganinsa kiɗa sana'ar waɗansu gidaje ce da suka gada kaka da kakanni, namu shi ne mu saurara, mu yi kyauta idan da hali, mu koma harkarmu. Na fara da wannan ne domin a fahimci cewa ban taso da ko mafarkin taɓa abin kiɗa ba, balle garayar Keltik ta mutanen Ailan da Sukotlan, wadda a nan ake kira kilarsak, kuma wadda sai da na haura shekara hamsin sannan na ɗora mata hannu.

Aikin jinya na karanta, aure kuma ya kawo ni Edinbara lokacin da maigidana ya samu gurbin ƙaro ilimi, daga baya aiki ya riƙe mu. Na samu wuri a sashen tsofaffi na wani asibiti, muka raini 'ya'yanmu har suka kama gabansu, ɗaya a Gilasgo, ɗaya a Landan. Da Allah ya karɓi ran maigidan nawa, na gama takaba na koma bakin aiki, mutane suna cewa na yi ƙoƙari, ni kuwa na san abin da nake komawa in tarar a gida. A watan Disamba rana tana faɗuwa a wannan gari kafin ƙarfe huɗu na yamma, mutum ya yi magariba ya yi isha'i, ya duba agogo ya ga dare bai ma soma ba. 'Yan uwanmu Hausawa da ke nan sun yi mini duk abin da ya kamata, Allah ya saka musu da alheri, sai dai kowa da aikinsa da iyalinsa, kuma haɗuwarmu ba ta wuce suna, ko ta'aziyya, ko ranar idi.

Ana cikin wannan hali aka sanar da mu cewa waɗansu masu kiɗa na sa-kai za su zo su ɗebe wa majiyyatanmu kewa, aka kuma tura ni in taimaka musu da kaya. Dattawa ne galibinsu, kowa yana jan wata doguwar jaka mai kusurwa uku. Wata tsohuwa a cikinsu, gajeriya mai furfura, ta ce in riƙe mata garayarta ta gyara zamanta a kan kujera, kuma hannuna yana kan katakon lokacin da ta ja tsirkiya mafi kauri domin ta ji ko ta sassauta. Amon bai fara isa kunnena ba, ta tafin hannu ya shige ni ya hau har ƙirji. Da suka fara kaɗawa na lura ba gwanaye ba ne: wani dattijo ya ɓata a tsakiya, ya yi dariya, ya jira suka zagayo ya sake shiga, kuma babu wanda ya harare shi. Wannan ne ya tsayar da ni a bakin ƙofa fiye da daɗin kiɗan. Bayan sun gama tsohuwar ta ce ko zan gwada, na ba ta amsar da na gada, cewa mu ba gidan makaɗa ba ne. Ta dube ni ba ta gane ba, ta ce ita ma mahaifinta masunci ne a wani tsibiri na yammacin ƙasar, kuma sai da ta ajiye aikin koyarwa ta fara koyo. Ta rubuta mini rana da wuri a bayan wata takarda. Ita ce wadda na riƙa kira Goggo daga baya, ita kuma ta karɓi sunan.

Wurin haɗuwar wani zauren unguwa ne da ake haya da yamma, mai sanyin ƙasa da kujerun roba. Ba ƙungiya ba ce mai shugaba da sakatare. Da'ira ce ta mutanen da kowa yake da sana'arsa: tsohon direban bas, mai rarraba wasiƙu, wata likitar dabbobi, wani kafinta da ya yi ritaya, ɗalibai biyu da suke zuwa idan babu jarrabawa. Kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa a gwangwani domin kuɗin zaure da na shayi. Abu na farko da ake yi shi ne daidaita tsirkiya, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, domin kilarsak ta zamani takan ɗauki tsirkiya 34, na nailan ko na hanjin dabba, kuma da an fito da ita daga sanyin waje zuwa ɗumin ɗaki sai duk su kauce. Kowa ya sa ɗan makullinsa a kan fegi yana murɗawa kaɗan-kaɗan, kunne a jikin katako. Suna da wata zolaya da suke yi wa kansu, cewa mai garaya rabin rayuwarsa yana daidaita tsirkiya, sauran rabin kuma yana kaɗa wadda ba ta daidaitu ba. An rina waɗansu tsirkiyoyin ja, waɗansu shuɗi ko baƙi, domin ido ya san inda yake, kuma a saman kowace akwai wani ɗan ƙarfe da ake ɗagawa idan ana so muryarta ta ƙaru da rabin mataki.

Ni da ban san ko alama ɗaya ta rubutun kiɗa ba, na ɗauka za a miƙo mini takarda in ji kunya. Ashe yawancin koyon da kunne ake yi. Goggo ta kaɗa ɗan guntun kari, mu maimaita, ta ƙara wani, mu haɗa su, kamar yadda manyan 'yan mata suke koya wa ƙanana waƙar gaɗa a dandali. Sai hannun dama ya zauna sannan a shigo da na hagu, kuma a nan ne kan babban mutum yake juyawa, domin yatsun da suka ƙware wajen neman jijiya da ɗaura ruwa sun ƙi yarda su yi abu biyu daban a lokaci ɗaya. Garayar farko da na kai gida ta haya ce. Akwai wata tsohuwar ƙungiya a ƙasar, Comunn na Clàrsaich, da aka kafa a 1931 a garin Dingwal lokacin babban taron shekara na masu harshen Gelik, tsohon harshen mutanen tsaunuka da tsibiran Sukotlan, kuma cikin ayyukanta har da ba wa 'ya'yanta hayar garaya, domin sayen sabuwa ya fi ƙarfin mai gwaji. Ba don wannan tsari ba, da mutane irina da yawa sun tsaya a sha'awa.

Ban ɓoye wa gida ba. Na kira babban wanmu, wanda shi ne uba a gare mu yanzu, na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke yanzu da girmanki, da jikokinki, roƙo za ki fara?" Na ce, "Yaya, ba roƙo ba ne, babu wanda nake yi wa kirari, babu mai ba ni ko kwabo, ni ce ma nake biya." Ya ce ai batun addini ma yana nan. Na ce masa na san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, na kuma san inda na tsaya: ba na zuwa mashaya, inda nan ne ake yawan taruwa a yi kiɗan gargajiya a wannan ƙasa, ba na barin salla ta wuce, kuma abin da nake kaɗawa babu batsa a cikinsa. Bai ce ya yarda ba, bai kuma ce in daina ba, ya dai ce, "Allah ya kyauta," muka koma zancen gona. Su kuwa mutanen da'irar, ba tare da na roƙa ba, sun ware mini wani lungu a ɗakin ajiye riguna inda nake shimfiɗa sallaya, kuma da azumi ya zo suka matsar da lokacin shayi zuwa faɗuwar rana.

Abin da ya mayar da wannan sha'awa ta zama wani abu mai zurfi a wurina ya faru ne ta hannun kafintan nan. Mutum ne marar yawan magana, yana zama a gefe da wata 'yar garaya da ba ta yi kama da namu ba, gajeriya, mai kauri, tsirkiyoyinta duk na tagulla. Wata rana ya ce abin da muke kaɗawa jikanya ce, idan ina son ganin kakar in je gidan tarihi na ƙasa da ke titin Chambers, shiga kyauta ne. Na je. A cikin gilashi akwai garayu biyu, ɗaya ana kiranta ta Sarauniya Maryamu ta Sukotlan, ɗaya kuma ta Lamont, waɗanda aka ƙiyasta an sassaƙa su wajen ƙarni na 15, kuma dukkansu sun daɗe a hannun iyalin Robertson na Lude kafin su zo nan. Ta farkon tsayinta bai kai mita ɗaya ba, cikinta daga gungumen itace ɗaya aka fafe shi, an yi mata zane tun daga sama har ƙasa. Ana danganta ta da sarauniyar ne saboda labarin cewa ita ta bayar da ita kyauta a 1563, amma garayar ta girmi sarauniyar nesa ba kusa ba. Ta Lamont ba ta da ado sosai, ta fi girma, kuma ana ganin inda ta taɓa karyewa aka yi mata ɗori da ƙarfe, alamar cewa wani ya dogara da ita ƙwarai har bai yarda ya jefar ba. Irin waɗannan guda uku kaɗai suka rage daga wancan zamani, ta ukun tana Kwalejin Trinity a Dabilin, kuma ita ce aka kwaikwaya a tambarin ƙasar Ailan da ke kan fasfo da kuɗin yuro na ƙasar.

Daga nan na shiga tambaya da karatu, kuma abin da na fara cin karo da shi ya ba ni mamaki ƙwarai idan na tuna da mahaifinmu. A tsohuwar dokar Ailan, mai kaɗa garaya shi kaɗai ne a cikin makaɗa aka ba matsayin mutum mai cin gashin kansa, wanda mutuncinsa yake da diyya. Yana zama kusa da sarki tare da mawaƙin fada, yana raka waƙar yabo da kiɗa. Siffar garaya mai kusurwa uku tana nan a sassaƙe a jikin duwatsun gabashin Sukotlan tun ƙarni na 8 da na 9. Wani malamin coci, Gerald na Wels, wanda ya je Ailan a shekarun 1180 ya kuma rubuta munanan abubuwa da yawa game da mutanenta, da ya zo kan makaɗansu sai ya sauke kai ya yaba saurin yatsunsu da daɗin kiɗansu. Amma darajar da take jingine da fada, idan fada ta faɗi tare suke faɗuwa. A ƙarni na 17 sarakunan Gelik na Ailan suka rasa mulki da filaye, waɗansu suka bar ƙasar a 1607, makaɗan da suke da mazauni suka koma masu yawo gida-gida. A Sukotlan, ɗaya daga cikin na ƙarshe da suka yi suna shi ne makaho Ruairidh Morison, makaɗin gidan MacLeod na Dunvegan a tsibirin Skye, wanda ya rasu a farkon ƙarni na 18, kuma kafin ƙarnin ya ƙare goge da algaitar jaka sun mamaye fagen. Akwai kuma dalili na kiɗan kansa: tsohuwar garaya ba ta iya sauya murya a tsakiyar kiɗa, sabon salon Turai kuwa yana bukatar haka, sai masu hali suka koma wa fiyano da babbar garaya mai feda.

A cikin masu yawon nan babu wanda ake ambata kamar Turlough O'Carolan, wanda aka haifa a 1670 ya rasu a 1738. Agana ce ta makantar da shi yana ɗan shekara 18, wata baiwar Allah daga gidan MacDermott Roe ta sa aka koya masa garaya, ta ba shi doki da ɗan jagora, ya shiga ƙasa yana sauka a gidajen manya, yana tsara wa kowane mai gida ko uwargida takensa. Fiye da kiɗa 200 ake danganta masa, da yawa suna ɗauke da sunan wanda aka yi wa. A nan ba sai an yi mini dogon bayani ba, domin na tashi ina jin makaɗan fadar ƙasar Sakkwato da Zamfara, na san abin da ake nufi da a yi wa mutum take, na san kuma cewa mai yabo yana iya yin zambo idan aka yi masa rowa. Lokacin da muke koyon wani kiɗansa, sauran suna jin sa a matsayin kari mai daɗi kawai, sai na ce musu wannan ai gaisuwa ce, an yi shi ne domin wani ya ji an ambace shi a gaban baƙinsa, kuma bai kamata a kaɗa shi a sanyaye kamar ana lallashin jariri ba. Goggo ta ce in nuna abin da nake nufi. Na kaɗa shi da nauyi, ina dakatawa a inda mai kirari zai ja numfashi. Ba kowa ya yarda da ni ba, amma tun daga ranar aka daina kallona a matsayin baƙuwar da ake yi wa kara.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Belfas, wani gari a arewacin Ailan. A watan Yuli na 1792 waɗansu mutanen garin, ganin cewa sana'ar tana mutuwa, suka kira sauran makaɗan da suka rage zuwa taro na kwanaki, aka samu goma daga Ailan da ɗaya daga Wels, mafi yawansu makafi, mace ɗaya tak a cikinsu, Rose Mooney. Aka ɗauki wani saurayi mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan coci, Edward Bunting, ɗan shekara 19, aka ce ya rubuta abin da suke kaɗawa. Mafi tsufa a cikinsu, Denis Hempson, wanda aka ce shekararsa 97 a lokacin, shi kaɗai ne yake kaɗawa da dogayen farata irin na mutanen da. Sauran duk da tsokar yatsa suke ja. Bunting ya bi shi har gida daga baya, kuma ya ruwaito cewa tsohon ba ya son kaɗa mafi tsufan kiɗan, yana cewa suna da wuyar koyo kuma suna tayar masa da baƙin ciki. Bunting ya fitar da abin da ya tara a 1796 da 1809 da 1840, amma ya gyara su domin fiyano, ya sauya muryoyi ya ƙara abin da makaɗan ba su kaɗa ba. Sa'ar da aka yi ita ce littattafan da ya rubuta da hannu a gaban makaɗan suna nan a Jami'ar Queen's ta Belfas. An yi ƙoƙarin buɗe makarantar koya wa yara makafi a garin a 1808, ba ta ɗore ba. Ɗaya daga cikin na ƙarshe, makaho Patrick Byrne, an ɗauke shi hoto a nan Edinbara wajen 1845, ya rasu a 1863, kuma daga baya aka wayi gari babu sauran wanda ya karɓi wannan kiɗa hannu da hannu daga malami. Garayar da muke kaɗawa a zaurenmu ta wani reshe ta fito: wajen 1820 wani maƙerin garaya a Dabilin, John Egan, ya ƙera ƙarama mai tsirkiyar hanji bisa tsarin garayar Turai, kuma irinta ce aka farfaɗo da ita daga baya aka ba ta sunan tsohuwar.

Wannan yana nufin duk wanda yake kaɗa garayar tagulla a yau, daga takarda da katakon gidan tarihi ya tono ta. Tun daga shekarun 1970 mutane irin su Ann Heymann a Amurka suka zauna da bayanan Bunting suna gwada yadda yatsu za su bi, a Ailan kuma an kafa ƙungiya ta musamman domin tsohuwar garayar a 2002. Kafintanmu da hannunsa ya sassaƙa tasa daga gungumen itacen wilo, yana bin awon ta gidan tarihi, kuma ya gaya mini ya ɓata itace ba kaɗan ba kafin ɗaya ta jure jan tsirkiya ba ta tsage ba. Ranar da ya miƙo mini ita, ya ce in jingina ta a kafaɗar hagu, ba ta dama ba kamar yadda na saba, domin a salon zamanin da, hannun hagu ne yake kaɗa siraran muryoyi, na dama kuma masu kauri. Babu tsirkiya ja ko shuɗiya, duk launi ɗaya ne, ido ba ya taimako. Akwai dai biyu a tsakiya da ake ɗaurewa a murya ɗaya, waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan uwa mata, daga nan hannu yake gane inda yake. Da na ja ɗaya, amon ya ƙi mutuwa. Na ja ta kusa da ita, suka cakuɗe, na ja ta uku, ɗakin ya cika da hayaniya. Ya ce aikin wannan garaya rabi ja ne, rabi kashewa: yatsan da ya ja tsirkiya shi ne zai dawo ya dafe ta a daidai lokacin da ɗan uwansa yake jan ta gaba, sai dai wadda kake so ta ci gaba da amo a ƙarƙashin karin, ita kaɗai za ka bari. Ya sa ni na yi ta maimaita motsin yatsu biyu a kan tsirkiya biyu, ba kari ba waƙa, har yatsun suka fara komawa da kansu.

Sai batun farce ya taso. Masu bin tsohon salo suna tara farce su goge shi ya yi santsi, domin shi ne yake fitar da amo mai kaifi. Ni kuwa ma'aikaciyar jinya ce, dokar aiki ba ta yarda da dogon farce ba saboda tsaftar majiyyaci, kuma ko ba don aiki ba, yanke farce sunna ce da na tashi a kanta ba zan bari ba. Wani daga cikin ɗaliban, mai zafin kishin tsohon salo, ya ce to ai ba sahihin kiɗan nake yi ba. Kafintan, wanda ba ya son gardama, ya tuna masa cewa a taron 1792 mutum ɗaya ne yake da farata, sauran kuma babu wanda ya ce ba makaɗan gaske ba ne. Da tsokar yatsa nake kaɗawa har yau. Amona ya fi nasu taushi, waɗansu ƙananan kwalliya masu sauri ba sa fita sosai a hannuna, na kuma haƙura da su.

Ba zan ce da'irarmu babu saɓani ba. Akwai masu son kiɗa mai laushi da cikon muryoyi irin wanda ake ji a wurin ɗaurin aure da shagunan 'yan yawon buɗe ido, akwai kuma 'yan tsirarun da suke ganin wannan duk ƙari ne na baya-bayan nan, su a koma ga abin da Bunting ya rubuta kafin ya gyara. Ni ina tare da na biyun a kunne, domin tsohon salo ba ya cika wuri da hayaniya, hannun ƙasa, mai kaɗa muryoyi masu kauri, yana bin na sama ne kawai yana ƙarfafa shi, kuma karin yana fitowa fili. Amma ba na tare da masu ɗaga hanci a cikinsu. Wanda ya tono abu daga takarda ya kamata ya riƙa tuna cewa bai taɓa jin Hempson da kunnensa ba, kuma tsohon direban bas da yake kaɗa kari mai sauƙi a kan nailan domin matarsa da ba ta da lafiya bai yi wa tarihi laifin komai ba. A 2019 hukumar UNESCO ta sa kiɗan garayar Ailan cikin jerin al'adun da duniya ta gada, aka yi murna a zaurenmu duk da cewa mu a Sukotlan muke. Sai dai abin da na gani da idona shi ne, ba takardar hukuma ce take riƙe da wannan kiɗa ba, mutanen da suke jan jaka cikin ruwan sama zuwa zauren haya ne, da waɗanda suke cika azuzuwan koyo a bikin garaya na duniya da ake yi a wannan gari wajen watan Afrilu tun farkon shekarun 1980.

Yanzu ni ma ina cikin masu zuwa sashen tsofaffi, ranar da ba ni da aiki, in shiga da jaka maimakon rigar ma'aikata, abokan aikina suna tsokanata. Mun gane cewa garayar tagulla ba ta dace da babban ɗaki mai ƙarar na'urori ba, don haka ta nailan muke kaiwa, ta tagulla kuma sai a ƙaramin ɗaki, ga mutum ɗaya ko biyu. Goggo ƙafa ta fara gazawa, makullin zauren ya dawo hannuna, ni nake buɗewa in kunna na'urar ɗumama ɗaki tun kafin a iso, in kuma zauna da sababbin zuwa in nuna musu yadda ake riƙe makullin tsirkiya kada su tsinka ta. Na aika wa Yaya wani ɗan kiɗa da na ɗauka a waya, amsarsa ita ce, "Ba laifi, amma su ba su da ganga ne?" 'Yata ta Gilasgo ta saya mini tsirkiyoyin tagulla na canji, domin siraran suna yawan tsinkewa idan yanayi ya juya.

Mu huɗu masu tagulla mukan riga sauran zuwa domin mu samu ɗakin shiru. Abin da muke kai a yanzu wani tsohon kiɗa ne daga rubutun hannun Bunting, wanda ya rubuta karinsa cikakke amma hannun ƙasa sai 'yan alamu nan da can. Kafintan yana ganin a bar guraben yadda suke, likitar dabbobi tana so a cike su bisa abin da aka gani a waɗansu shafukan, ni kuma na ce a kaɗa shi ta hanya biyun a gaban sauran 'yan da'irar ba tare da an gaya musu wanne ne na wa ba. An amince da haka, an sa rana bayan bikin Afrilu.